Karatun gaba da digiri: ta yaya ɗan talaka zai biya kuɗinsa?

Ɗalibin da ya taso daga Gabi, cikin yankin Madarunfa, ya gama digirin farko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, yana da sauran tafiya. A tsarin LMD, bayan shekara 3 na digirin farko, akwai shekara 2 na masta, sannan 3 na dakta. Kuɗin rajista, abinci da bincike sun fi ƙarfin rumbun gero.

Wata mafita ita ce aikin mataimaki a jami'a. Ɗalibi yana taya malaminsa duba takardun jarrabawa, koyar da ƙananan azuzuwa ko kula da ɗakin gwaje-gwaje. A jami'o'in Amurka da dama, wanda ya yi aikin kusan awa 20 a mako ana yafe masa kuɗin makaranta, duka ko wani kaso, a kuma ba shi alawus.

A Najeriya, jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano kan ɗauki haziƙan ɗalibai a matakin farko na koyarwa, su ci albashi suna karatu. Asusun TETFund kuma yana ɗaukar nauyin karatun malaman jami'o'in gwamnati. A Nijar, hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu.

Kafin ɗalibi ya amsa irin wannan aiki, ya nemi a rubuta masa awoyin aikin, abin da za a yafe, da tsawon wa'adin. Idan aiki ya cinye lokacin bincike, ribar ta tafi.