Sa'ad Da Mai Ba Da Tallafi Ya Ce A Dakata



Tun daga shekarar 2025, akwai tambaya ɗaya da take yawan iske mu a ofishinmu na Hayin Banki, da kuma wuraren da muke kai ziyara: "Aikin da aka ce na shekara biyar ne, me ya sa ya tsaya a shekara ta biyu? Wa ya ci kuɗin?" A wani ƙauye mun tarar ma'ajin kwamiti ya yi makonni bai shiga sujada ba saboda maganganun mutane. Ɗakin ajiyar hatsin da suka fara da tallafin wata ƙungiya ya tsaya daidai taga, babu rufi, magini kuma yana zuwa ƙofar gidansa kowace safiya neman cikon kuɗinsa. Da muka zauna muka duba littafinsa da rasit ɗinsa, ko kwabo bai ɓata ba. Kashi na biyu na kuɗin ne bai zo ba, kuma ba zai zo ba.

Saboda irin wannan ne muka ga ya kamata mu bayyana wani sharaɗi da ke cikin takardun tallafi da na kwangilar gwamnati, wanda yawancinmu muke sa hannu a ƙarƙashinsa ba tare da mun karanta ba.

Sokewa iri biyu ce

Iri na farko kowa ya san shi. Mai ba da aiki ya ce wanda aka ba aikin bai cika alkawari ba, sai ya ƙwace. Masu bin hanyar Kaduna zuwa Abuja za su tuna cewa a watan Nuwamba 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta soke kwangilar kamfanin Julius Berger a wannan sashe na hanyar, bayan an daɗe ana jayayya a kan farashi. Ma'aikatar ta faɗi dalilinta, ta ɗora shi a kan kamfanin. A irin wannan akwai wanda ake zargi, kuma yana da damar kare kansa.

Iri na biyu shi ne wanda muke magana a kai. Za mu kira shi sokewa ta ganin dama. Wanda aka ba aikin bai yi laifin komai ba. Aikinsa na iya zama mai kyau ƙwarai, rahotonsa na zuwa kan lokaci, asusunsa daidai. Amma a cikin takardar akwai sakin layi da ya ce gwamnati tana iya tsayar da aikin, duka ko wani sashe, a duk lokacin da ta ga hakan ne ya fi mata amfani. Ba sai ta nuna laifin kowa ba.

Mu ɗauka ka sa 'yan ƙwadago noman gonarka, kun yi jinga a kan gonar duka. Da rana ta take sai ka ce su tsaya, ka fasa. A al'adarmu za a yi ta gardama, wataƙila har gaban mai unguwa. To amma idan tun da safe kun yarda cewa kana iya tsayar da su kowane lokaci, abin da za ka biya shi ne kunyoyin da suka nome. Sauran gonar da suka sa rai a kanta, ba su da hakki a kai. Haka wannan sharaɗi yake.

Daga ina abin ya samo asali?

Amurka ce ta fi kowa amfani da wannan ƙa'ida, kuma daga yaƙi ta fito. Da yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, gwamnati ta sami kanta da tarin kwangilolin kayan yaƙi da ba ta bukata kuma. A 1875 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar kamfanin Corliss mai ƙera injinan jirgin ruwa, ta yarda cewa gwamnati tana da ikon dakatar da irin wannan aiki ta sasanta da kamfanin a kan abin da ya riga ya yi. A gaskiya akwai hikima a ciki. Ba daidai ba ne a ci gaba da kashe kuɗin talakawa a kan bindigogi bayan an yi sulhu.

Daga baya abin ya wuce maganar yaƙi. Wani kamfani mai suna G. L. Christian ya sami kwangilar gina wa sojoji gidaje 2,000 a jihar Luwiziyana. A 1958 aka soke aikin. Kamfanin ya kai ƙara yana neman ribar da zai samu da an bar shi ya gama, hujjarsa kuwa ita ce ba a rubuta wannan sharaɗi a takardarsa ba. A 1963 kotu ta ce ko ba a rubuta ba, tun da doka ta wajabta a sa shi, a ɗauka yana ciki. Har yau lauyoyin Amurka suna kiran wannan hukunci da sunan kamfanin. Ba shi da wata dangantaka da addini.

Kuɗin tallafi kuwa, wanda ya fi shafarmu, a da ba a cika tsayar da shi haka kawai ba. Amma a 2020 aka gyara ƙa'idojin tallafin gwamnatin Amurka, aka ƙara cewa hukuma tana iya soke tallafi idan ta ga bai ƙara yin daidai da abubuwan da ta sa a gaba ba. Mutane kaɗan ne suka kula da wannan gyara a lokacin.

Abin da ya faru a 2025

Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da ya kama aiki karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90 domin a sake dubawa. Bayan kwana huɗu aka aika wa ƙungiyoyi saƙon su tsayar da aiki. Zuwa ƙarshen Fabrairu wasiƙun sokewa sun fita dubbai, yawancinsu gajeru ne, suna cewa an soke aikin ne domin amfanin gwamnatin Amurka. Ranar 10 ga Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya sanar cewa an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, wato yarjejeniyoyi kimanin 5,200. Ranar 1 ga Yuli hukumar, wadda aka kafa tun 1961, ta daina gudanar da ayyukan taimako.

Mun ji zafin abin a nan gida. Jihar Kaduna tana cikin jihohin da shirin noma na Feed the Future ya yi aiki a cikinsu. Shirin PEPFAR, wanda aka fara a 2003, shi ne babban mai tallafa wa maganin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, waɗanda yawansu a Nijeriya ya kai kusan miliyan 2. An ba da izinin ci gaba da ayyukan ceton rai, amma ruɗanin makonnin farko ya tsorata marasa lafiya da ma'aikatan asibiti. A watan Fabrairu 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen maganin, Majalisar Dokoki kuma ta sa dala miliyan 200 a kasafin kuɗin shekarar domin cike giɓin lafiya. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai sa ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Ingila ma ta sanar a Fabrairu 2025 cewa za ta rage nata taimakon.

Manyan ƙungiyoyi sun kai ƙara. A watan Maris 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi hana umarnin wani alƙali da ya ce a biya kusan dala biliyan 2. Ku lura da kyau, kuɗin aikin da aka riga aka gama ne. Wannan umarni bai komo da ayyukan da aka soke ba.

Na ƙarshen layi shi ne ba shi da takarda

Ga inda abin ya fi damunmu. Kuɗin tallafi ba ya tasowa daga gwamnati ya sauka kai tsaye a ƙauye. Gwamnati tana ba babbar ƙungiya, ita kuma ta ba wata ƙungiya a Abuja ko Kaduna, wannan ta ba ƙaramin ofishi irin namu, mu kuma mu kawo wa kwamitinku. A kowane mataki ana kwafe wannan sharaɗi a sabuwar takarda, domin kowa yana kare kansa. Sai a mataki na ƙarshe. Tsakanin kwamiti da magini, ko mai bulo, ko mai shagon siminti da ya ba da kaya bashi saboda yana ganin girman fasto, babu takarda, sai baki da amana. In sokewa ta zo, kowa a sama yana da sakin layin da zai nuna. Ma'aji shi kaɗai ake bari da masu bin bashi.

Dole mu ma mu karɓi namu laifin. Sau da yawa mun tsaya a gaban jama'a mun ce "aikin shekara biyar ne", aka yi tafi da guɗa, ba mu ƙara da cewa kuɗin kashi-kashi ake sakinsa ba, kuma kowane kashi yana iya zama na ƙarshe.

Abin da ake bin mai sokewa shi ne kuɗin aikin da aka yi kafin ranar wasiƙa, da kayan da aka riga aka saya bisa ƙa'ida waɗanda ba za a iya mayarwa ba. Amma sai da shaida, kuma akwai wa'adi. A ƙa'idar Amurka, ƙaramar ƙungiyar da ta karɓi tallafi ta hannun wata tana da kwana 90 ta miƙa rahotonta na ƙarshe. Duk abin da aka kashe bayan an ce a tsaya, yawanci ba a biya. Mun ga kwamitin da ya ci gaba da gini bayan saƙon ya iso, da kyakkyawar niyya, wai kada damina ta lalata bango. Bangon ya tsira, amma bashin ya zauna a wuyansu.

Don haka kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku sa a karanta muku sashen sokewa da Hausa a gaban dattawa, a faɗa muku kwana nawa ne na sanarwa, da abin da za a biya in an tsaya. Kada ku ci bashi a kan kashin da bai shiga asusu ba tukuna. Ku raba aiki yadda kowane mataki zai yi amfani ko da an tsaya a nan. Ɗaki ɗaya mai rufi ya fi ɗakuna uku marasa kwano. Ku rubuta wa magini 'yar takarda cewa aikin da ya yi za a biya, mataki-mataki. Rasit kuwa, ko na ƙusa kilo ɗaya ne, a ajiye shi da kwanan wata.

Wannan sharaɗi ba gushewa yake yi ba. A watan Agusta 2025 Shugaban Amurka ya ba da umarnin a riƙa sa shi a tallafin gwamnatinsa. A watan Disamba na shekarar, Amurka da Nijeriya suka sa hannu a yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar, inda Amurka ta ce za ta ba da kusan dala biliyan 2.1, har da kaso na musamman ga asibitocin da ikilisiyoyi ke gudanarwa. A cikin sanarwar da ta kawo wannan labari aka kuma rubuta cewa gwamnatin Amurka tana riƙe da ikon dakatarwa ko soke duk shirin da ta ga bai dace da muradinta ba. Masu kula da asibitoci da ɗakunan shan magani na ikilisiya su riƙe wannan a zuci sa'ad da suke shirin ɗaukar ma'aikata.

Ma'ajin da muka ambata da farko, mun koma ƙauyen muka karanta wasiƙar sokewar a gaban jama'a bayan sujada, aka bi littafinsa layi-layi. Matan zumunta suka tara masara buhu-buhu aka sayar, aka biya magini, aka rufe rabin ɗakin. Kwamitin da yake da takardar tallafi a hannu wadda bai gane abin da ke ciki ba, ya kawo ta ofis ko ya ba mu sa'ad da muka zo ziyara, mu karanta tare.