Daga Marisuwa Zuwa Korona: Yadda Annoba Ke Taɓa Jama'a Da Dukiyarsu

Masana kimiyya suna auna ɓarnar annoba da ma'auni biyu: yawan rayukan da ta ɗauka, da yawan aikin da ta tsayar. Tarihin Tudun Wadar Zariya, unguwar baƙi da 'yan kasuwa wadda ta kafu a farkon mulkin Turawa, ya haɗa da manyan annobai biyu da za su fayyace wa ɗalibi bambancin ma'aunan nan.

Ta farko ita ce murar 1918, wadda tsofaffi suka sani da suna marisuwa. Ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Ikko a watan Satumba na shekarar, sa'an nan ta bi hanyoyin fatauci da layin dogo, wanda ya iso Zariya tun 1911, ta bazu a Arewa. An ƙiyasta ta hallaka mutum miliyan 50 a duniya, a Nijeriya kuwa wajen 500,000 daga cikin miliyan 18. Abin da ya tsananta ɓarnarta shi ne ta fi kashe majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, ga shi kuma ta zo da kaka. Gidan da ya rasa magidanci ya rasa mai girbi da mai biyan haraji, ya kuma sami marayu. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa ƙarancin ma'aikata da yunwar da ta biyo baya sun sa mutanen kudancin kogin Kwara rungumar noman rogo, domin bai kai doya cin aiki ba. Ke nan annoba tana iya sauya har abincin al'umma.

Ta biyu ita ce korona. An tabbatar da ɓullarta a Ikko ran 27 ga Fabrairu, 2020. Ita tsofaffi ta fi yi wa illa, alhali waɗanda suka haura shekara 65 a Nijeriya ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mamatan da hukuma ta ƙidaya sun ɗan haura 3,000 daga cikin mutum fiye da miliyan 200, ko da yake ƙarancin gwaji ya sa wasu ba su shiga lissafi ba.

Amma ta fuskar tattalin arziki ta yi babban ta'adi. A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta kafa dokar zaman gida wadda ta ɗauki sama da wata biyu. Kasuwar Tudun Wada ta yi tsit, makarantu suka rufe, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo da Samaru suka koma garuruwansu. Ɗan acaba da tela da mai shayi, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, su ne suka fi jin jiki. Dalili kuwa shi ne kuɗi zagayawa suke yi: abin da ɗalibi ya kashe shi ne cinikin mai abinci, cinikinta kuma shi ne na mai hatsi. A waje ɗaya, farashin ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 20 kowace ganga a watan Afrilu, tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 cikin 100 tsakanin Afrilu da Yuni.

Saboda haka, in annoba ta ɓullo, tambayoyi biyu ne a gaban hukuma: su wa take kashewa, kuma me talaka zai ci in an ce ya zauna a gida? Dokar da ba ta tanadi abinci ba, yunwa ce za ta karya ta, cutar kuma ta sami hanyar yaɗuwa.