Jirgin Ƙasa a Cikin Gari: Abin da Sakkwato Za Ta Koya Daga Gardamar Kano

Duk wanda ya tsaya bakin titi da hantsi ya ga yadda Sakkwato ke motsi. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko uwa da 'ya'yanta biyu, ɗaya a kan tanki ya rungume jakar makaranta, ɗaya a matse tsakaninsa da uwar. Agwagwa, wato keke mai ƙafa uku, ta cika ta batse, duk da haka direba na laluben inda zai cusa mutum guda a gefensa. Kafin a hau sai an yi ciniki, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya koma abin da magidanci ke lissafawa tare da cefane. A irin wannan hali ne ake jin tambaya a majalisu: Legas ta samu jirgin cikin gari, Abuja ta samu, ana ta maganar na Kano, mu fa? Tambayar ba ta wauta ba ce. Amma a ganina, idan aka yi wa Sakkwato alkawarin jirgin cikin gari a yanzu, an ba ta amsar tambayar da ba ita ce ke damunta ba.

Ƙorafin Basakkwace kan dogo yana da tushe. Layin jirgi ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, nan kuma ya tsaya har yau. Turawan mulki sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, inda lissafinsu ya ƙare nan ƙarfe ya ƙare. Cibiyar Daular Usmaniyya ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Ko sabon layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya ya bi. To amma akwai bambanci tsakanin dogon da ke haɗa gari da gari da jirgin da ke zagaya unguwanni, kuma 'yan siyasa na jin daɗin cakuɗa su, saboda zafin rashin na farko ne ke sa a tafa wa alkawarin na biyu.

Kano ta riga ta yi wannan gardama. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da yarjejeniya da wani kamfanin China domin gina jirgin cikin birni a kan kimanin dala biliyan 1.85. A 2020 maganar ta dawo da batun ciwo bashin Yuro miliyan 684 daga Bankin Raya Ƙasa na China domin kashin farko. Dattawan Kano, ƙarƙashin jagorancin marigayi Bashir Usman Tofa, suka fito suka ce ba su yarda a ɗora wa jikokinsu wannan kaya ba, 'yan adawa ma suka yi ca. Ba a kafa ko ƙusa ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan tarihi shi ne yadda gardamar ta sauka daga kan jirgi ta koma kan hula: mai jar hula ya ƙi, mai goyon bayan gwamna ya so, alhali tambayoyin da suka shafi mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ba su samu wurin zama ba. Mutum nawa za su hau a yini? Nawa ne tikiti? Idan kuɗin tikiti bai biya wuta da albashi da gyara ba, daga wane aljihu za a cike giɓin, na asibiti ko na makaranta? Kano, mai cunkoson da ya ninka na Sakkwato sau da yawa, tana iya samun amsa mai gamsarwa. Amma sai an yi tambayar tukuna.

Wanda ke ganin waɗannan tambayoyi ƙyashi ne, ya dubi Abuja. An ba da kwangilar jirginta a 2007, aka buɗe shi a watan Yulin 2018 bayan an kashe fiye da dala miliyan 800, mafi yawa bashin China. A 2020, lokacin annobar korona, ya tsaya, bai sake ɗaukar fasinja ba sai a watan Mayun 2024, shi ma da hawa kyauta aka jawo mutane. Dalili a fili yake: dubban ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Mararraba, masu shafe sa'o'i a cunkoso kullum safiya, layin bai bi ta wajensu ba, wasu tashoshin kuma an gina su a daji ba tare da hanyar isa gare su ba. A Addis Ababa ta Habasha, inda aka buɗe jirgin cikin gari a 2015, fasinja ba su yi ƙaranci ba, kayan gyara ne suka gagara, har taragai da dama suka kwanta. Jirgi kamar doki yake, sayensa bai kai ciyar da shi wuya ba.

Masu son jirgi za su ce to ai Legas ta yi, kuma yana aiki. Gaskiya ne. Sai dai a lura da yadda ta yi. Ta kafa hukumar LAMATA mai kula da sufurin birni tun farkon shekarun 2000. Ta fara da manyan motocin bas masu keɓaɓɓen layi a 2008. An soma aikin jirginta na Blue Line a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, amma kashin farko mai kilomita 13, daga Marina zuwa Mile 2, bai ɗauki fasinja ba sai a watan Satumban 2023, a hannun gwamna na uku. Aikin ya rayu ne saboda gidan siyasa ɗaya ke mulkin jihar tun 1999, kuma harajin da take tarawa ba shi da na biyu a ƙasar nan. A Arewa kuwa mun san al'adarmu: sabon gwamna ba ya son ƙarasa ginin da za a kira da sunan wanda ya gada. Wa'adi shekara huɗu ne, dogo kuma na cin goma ko fiye. Shi ya sa gadar sama ta zama abin so ga masu mulki daga Ƙofar Nasarawa a Kano har Runjin Sambo a Sakkwato, ana gama ta kafin zaɓe, ana ganinta daga nesa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shimfiɗa dogo, amma bai ba su kuɗi ko haƙuri ba.

Sakkwato gari ne shimfiɗaɗɗe, gidaje ƙasa-ƙasa, tafiye-tafiye gajeru kuma a warwatse. Duk da haka akwai hanyoyin da kowa ya san jama'a na kwarara a kansu: daga Babbar Kasuwa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ƙetaren gulbi, zuwa asibitin koyarwa, zuwa Arkilla da Kalambaina inda kamfanin siminti yake, zuwa Mabera da Kwannawa. Bas mai ɗaukar mutum hamsin, mai tashi a kan lokaci, mai tsayayyen farashi, da rumfar jira mai inuwa, zai sauya rayuwar ɗalibi da ma'aikaciyar jinya cikin shekara guda, da kuɗin da bai kai na kilomita kaɗan na dogo ba. Inuwar nan ba ƙaramin abu ba ce a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Bas kuma yana da wata falala: a 2010, da ambaliya ta yanke hanyar jami'a, abin da ke da taya ne kaɗai ke iya sauya hanya.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce, an sha sayo motoci a jihohin Arewa, a yi musu fenti da hoton gwamna, bayan shekara biyu a gan su a jibge babu taya. Haka ne, kuma ban raina wannan hujja ba. Amma gwamnatin da ta kasa sauya wa bas baƙin mai, ta yaya za ta riƙe jirgi mai aiki da lantarki? Maganin shi ne hukuma mai dokar kanta da asusunta, wadda ke bayyana abin da ta tara da abin da ta kashe, a bar 'yan kasuwa su gudanar da motocin bisa sharaɗi. Sannan akwai 'yan kabu-kabu da masu agwagwa, dubban matasa masu ciyar da gidaje, masu ƙuri'a kuma. Kano ta hana acaɓa da rana tsaka a 2013, Adaidaita Sahu ta cike gurbin, cunkoso bai ragu ba. Bai kamata a kore su ba. Lungunan tsohon gari ba za su taɓa ɗaukar bas ba, su ne za su riƙa kawo fasinja bakin babban titi, kuma ya dace ƙungiyoyinsu su mallaki hannun jari a motocin.

Masu cewa gari na girma, a yi tanadi tun yanzu, ina tare da su, illa dai tanadin fili ne. A shata hanyoyin da dogo zai bi nan da shekara ashirin, a hana gini a kansu, domin diyyar rusau na daga cikin abin da ke tsadar da irin wannan aiki. Ƙarfin da wakilan jihar ke da shi a Abuja kuwa, a zuba shi kan layin da ya tsaya a 1929: a jawo shi zuwa Sakkwato, ya wuce Illela bakin iyakar Ƙonni. Albasar da ke ruɓewa a bayan tirela kafin ta kai Kudu, da siminti, da shanu, da fatar jar akuyar Sakkwato, kaya ne masu biyan kuɗin jirgi da kansu, kuma kowace tirela da ta sauka daga titin Gusau ta rage wa masu bin wannan hanya wani haɗari.