Shin Ko Kun San? Galan Biyu Ne a Duniya, Tan Kuwa Uku

Shin ko kun san galan iri biyu ne a duniya? Na Ingila yana cin lita 4.55, na Amurka kuwa lita 3.79 kacal. Lokacin da Amurka ta sami 'yancin kai a 1776, tana riƙe da tsohon galan ɗin da doka ta tabbatar a 1707, zamanin Sarauniya Anne. Sai a 1824 majalisar Birtaniya ta soke galan-galan barkatai da ake aiki da su, ta kafa guda ɗaya, wato mazubin da zai ɗauki ruwa mai nauyin laba 10. Shi aka baza a ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da Nijeriya. Amurka ta tsaya a kan nata. Daga nan ma'aunin daular Ingila da na Amurka suka raba hanya, ga suna ɗaya, ga girma daban.

Tan kuwa uku ne. Na Amurka kilo 907, tsohon na Ingila kilo 1,016, na tsarin mita kilo 1,000 cif. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga waje, ya tambaya wane tan ake nufi kafin ya sa hannu.

Ko kun san da jikinsa ɗan Adam ya fara awo? Masarawan da suka gina dala da kamu suka yi aiki, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma kamun sarauta ya kai kimanin santimita 52. Kakanninmu ma da kamu suke auna sawaye, da taƙi suke auna ƙaramin abu, da gaba suke auna zurfin rijiya. Turawan Ingila sun ɗauki tsawon ƙwayar sha'ir uku a jere a matsayin inci ɗaya, kuma har gobe tazarar da ke tsakanin lambar takalmi da mai bi mata a Ingila ƙwayar sha'ir ɗaya ce. Eka kuma asalinta filin da shanun huɗa za su iya nomewa a yini guda.

Mil ya samo asali daga sojojin Rum, taku dubu, kowane taku ɗaga ƙafa biyu. A 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, doka ta tsayar da shi a kan ƙafa 5,280.

Shin ko kun san gobara ta taɓa cinye yadin Ingila? A 1834 wuta ta tashi a ginin majalisa da ke Landan, ta lalata sandar ƙarfen da ita ce uwar kowane yadi a daular, sai da aka ƙera wata daga kwafin da suka rage a wasu wurare.

Tsarin mita kuwa kukan talaka ne ya haife shi, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, kusan kowane gari da irin mudunsa, kuma masu ƙasa ne ke riƙe da ma'aunin da ake karɓar haraji da shi. Manoma suka yi ta koke, suna neman awo ɗaya ga kowa. A 1791 malaman kimiyya na Faris suka ce kada a jingina sabon awon da jikin wani sarki, a jingina shi da duniyar da kowa ke takawa: a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin da ya raba duniya biyu gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shiga awon ƙasa daga Dunkirk zuwa Barselona, tun 1792 har 1798, a tsakiyar yaƙi. An sha tsare Delambre a ƙauyuka ana zargin shi ɗan leƙen asiri ne. Méchain ya ga wani ɗan saɓani a lissafinsa, ya ɓoye, abin ya yi ta cin ransa har ya koma Sifaniya don ci gaba da awon, can shawara ta kashe shi a 1804. Mitar da aka ƙera a 1799 ta gaza abin da aka nufa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Da irin kayan aikin wancan zamani, wannan ƙoƙari ne da ya cancanci jinjina.

Su kansu Faransawa ba su karɓe shi nan take ba. Napoleon ya sassauta dokar a 1812, sai a 1840 tsarin ya zama dole.

Ko kun san a da kilo ɗaya wani ɗan curin ƙarfe ne da aka kulle a Sèvres, kusa da Faris, tun 1889? Shekara 130 da shi ake gwada kowane sikeli na duniya, sai ran 20 ga Mayun 2019 aka sauke shi, aka koma ga lissafin kimiyya. Ita ma mita tun 1983 da gudun haske ake fayyace ta.

Shin ko kun san Amurka na cikin ƙasashe 17 da suka rattaba hannu a yarjejeniyar mita a 1875? Hasali ma tun 1959 yadinta a doka mita 0.9144 ne, incinta santimita 2.54. A titi mil ake gani, amma tushensa mita ce.

Haɗa awo biyu yana da tsada. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda kamfanin da ya ƙera shi ya ba da alƙaluma da laba, masu tuƙa shi suka ɗauka na tsarin mita ne. A 1983 mai ya ƙare wa wani jirgin Air Canada mai ɗauke da mutum 69 a sararin sama, don an lissafa man da laba maimakon kilo, aka zuba masa ƙasa da rabin abin da yake bukata. Matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har wani tsohon filin jirgin soja a Gimli. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Gangar ɗanyen mai da ake ambata kullum a labaran kasafin kuɗin Nijeriya galan 42 ce ta Amurka, kimanin lita 159.

Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, Nijar kuwa ta gaje shi daga Faransa. Duk da haka yadi ake yanka a Kantin Kwari, hatsi kuma da mudu ko tiya ko kwano ake auna shi, girmansu yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa. Al'ummar da ke fitar da zakkar fidda kai da mudun Annabi huɗu, take kuma karanta surar da ta yi kashedi kan tauye mudu, bai kamata ta bar awon abincinta ba tantancewa ba. Ya dace shugabannin kasuwa su tsayar da mudu ɗaya mai hatimi, a san ko lita nawa yake ci.

Idan kuma za ku sayi fili aka ce muku hamsin da ɗari ne, da ƙafa ake magana: mita 15.24 faɗi, mita 30.48 tsawo, kusan murabba'in mita 465. Ku sa a auna a gabanku, a rubuta a takarda, kafin ku biya.