Matsalolin Kunna Fina-finai a Manhajojin Kallo na Gida: Musabbabai da Hanyoyin Gano Su a Yankin Wanke, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dalilan da ke sa fim ya ƙi buɗewa, ko ya riƙa sarƙewa, ko murya ta ɗauke a manhajojin kallo irin su Kodi da VLC da MX Player, bisa la'akari da yanayin mai kallo a Wanke da maƙwabtanta na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ta nuna cewa abin da ake tarawa ƙarƙashin furucin "ya ƙi" ya kasu gida huɗu: matsalar fayil, da ta ma'aji, da ta 'yan goyon manhaja, da ta rubutun fassara. Kowace da maganinta, kuma rashin bambance su kan jawo asarar kuɗi da ta fina-finan da ba su da wani kwafi.

1.0 Gabatarwa

Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya sauya mazauni sau da dama: daga kaset ɗin bidiyo zuwa faifan CD da DVD, daga nan zuwa memori da filash da YouTube. A littafinsa Signal and Noise na 2008, Brian Larkin ya bayyana yadda yawan kwafar kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ya sa dishi-dishin hoto da ƙarar murya suka zama wani ɓangare na al'adar kallo a Arewa. Kaset ɗin da ya tsufa yakan nuna hoto ko da mara kyau ne. Fayil ɗin dijital kuwa sau da yawa ko dai ya buɗe, ko ya ƙi gaba ɗaya, ba tare da mai kallo ya san dalili ba.

A garuruwa irin su Wanke da ke Ƙaramar Hukumar Gusau, fim yakan iso gida ne ta hannun masu tura fina-finai da masu cajin waya, ko ta Xender daga wayar aboki, fiye da kallon kai tsaye a intanet. Wannan dogaro ya fito fili a Satumbar 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. A makonnin da aka yi babu sabis, abin da ke cikin memori ne kaɗai abin kallo. Saboda haka sanin abin da ke hana fayil buɗewa ba ƙaramar buƙata ba ce.

2.0 Manhajar Kallo da 'Yan Goyonta

Manhajar kallo ta gida ita ce wadda ke tattara fina-finai da waƙoƙi da hotuna a wuri guda, ta jera su, ta kuma kunna su a talabijin ko waya ko kwamfuta. Fitacciya daga ciki ita ce Kodi, wadda ta samo asali daga manhajar na'urar wasa ta Xbox, aka san ta da XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Kyauta ce, kuma akan same ta a ƙananan akwatunan Android da ake jonawa da talabijin. VLC da MX Player sun fi yawa a wayoyi, sannan dikodar tauraron ɗan'adam mai ramin filash ita ma tana da tata manhajar a ciki.

Kodi ba ta zuwa da fim ko ɗaya. Abin da ke haɗa ta da YouTube ko tashar rediyo ko rumbun rubutun fassara shi ne wasu ƙananan manhajoji da ake ɗora mata, waɗanda wannan maƙala ta kira 'yan goyo, domin ba sa iya tafiya sai a bayan uwar manhajar.

3.0 Matsalar Fayil: Mazubi da Matsi

Kowane fayil ɗin bidiyo yana da abubuwa biyu da ake yawan ruɗawa. Na farko shi ne mazubi, wato abin da ake gani a ƙarshen sunan fayil, kamar MP4 ko MKV ko AVI ko 3GP. Na biyu shi ne tsarin matsi, wato dabarar da aka bi aka rage nauyin hoto da murya kafin a zuba su a mazubin. Kamar dai buhu ne: buhu biyu iri ɗaya, amma ɗaya gero, ɗaya masara, kuma ba kowane inji ke niƙa duka biyun ba.

Tsarin matsin hoto na H.264 ya fito a 2003, kuma kusan kowace na'ura tana gane shi. H.265 ya biyo baya a 2013, sai AV1 a 2018. Sababbin suna rage nauyin fim sosai, shi ya sa masu rarraba fina-finai ke son su, amma tsohuwar dikoda ko waya mai ƙaramin ƙarfi ba ta iya warware su. Alamar wannan matsala ita ce a ji murya allo yana baƙi, ko hoto ya riƙa tafiya da ɗingishi yayin da waya ke zafi. Sauya sunan fayil daga MKV zuwa MP4 ba ya magance komai, tunda an sauya rubutun buhu ne kawai. Maganin shi ne a kunna ko a kashe zaɓin da ke miƙa wa guntun na'ura aikin warware hoto, a ga wanda ya fi. Idan ya faskara, a sake juya fim ɗin zuwa H.264 da manhaja irin HandBrake.

Akasin haka ma yana faruwa: ga hoto, babu murya. Yawanci muryar an matse ta ne da AC3 ko EAC3 ko DTS, waɗanda wasu manhajoji ba sa ɗauke da su saboda sharuɗɗan lasisi. VLC tana karanta su. A Kodi kuwa, idan an kunna zaɓin miƙa murya kai tsaye ga na'urar sauti alhali talabijin ɗin bai gane ta ba, shiru zai biyo baya har sai an kashe zaɓin. Idan murya ta riga hoto ko ta yi masa lattin zuwa, akwai ma'aunin daidaita su. Sai dai a fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, rashin haɗuwar leɓe da magana ba laifin na'ura ba ne. Ƙarar rufe ƙofa ko ta mari ita ce ma'auni mafi inganci.

4.0 Matsalar Ma'aji

Idan fim ya buɗe ya tsaya a wuri guda kullum, a kowace na'ura, to fayil ɗin ne bai cika ba. Hakan na faruwa idan aka zare filash kafin turawa ta kammala, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Akwai kuma memori na jabu, wanda ke nuna gigabait 64 alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Fina-finan farko za su yi lafiya, na baya kuwa sunayensu za su bayyana amma ba za su buɗe ba. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan memori a kwamfuta.

Haka nan, filash da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, yayin da wasu tsofaffin dikodoji ba sa gane exFAT ko NTFS. Idan dikoda ta ce babu komai a filash ɗin da kwamfuta ke gani cike, tsarin ma'ajin ne abin dubawa, ba ƙwayar cuta ba. Gaggawar goge filash a irin wannan hali ita ce hanya mafi sauƙi ta rasa abin da ke ciki.

5.0 Matsalar 'Yan Goyo da Intanet

'Yan goyo suna mutuwa ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce saɓanin zamani tsakaninsu da uwar manhaja. Lokacin da Kodi 19 ta fito a Fabrairun 2021, ta koma amfani da harshen kwamfuta na Python 3, sai duk ɗan goyon da aka rubuta da Python 2 ba a sabunta shi ba ya daina aiki. Ta biyu ita ce rashin wata ƙaramar manhaja da ɗan goyon ya dogara da ita, musamman idan rumbun da aka ɗauko shi ya rufe.

Ta uku ta fi shafar yankunan da wuta ba ta tsayawa. Akwatunan Android masu araha da yawa ba su da batirin riƙe agogo, don haka idan wuta ta ɗauke ko janareto ya mutu, kwanan watansu yakan koma shekarun baya. Shafukan intanet kuwa suna gabatar da takardar shaidar tsaro mai wa'adi. Na'urar da ke zaton tana wata tsohuwar shekara za ta ƙi amincewa da takardar, sai ɗan goyo ya kasa haɗuwa ko da akwai data. Gyara kwanan wata kaɗai yakan isa. Ta huɗu ita ce raunin sabis. YouTube ta ba da shawarar gudun kusan megabit 5 a daƙiƙa ga hoto mai 1080p, da 1.1 ga mai 480p. Inda sabis ke hawa da sauka, rage ingancin hoto ko sauke fim tun da wuri ya fi sake girka manhaja amfani.

Akwai kuma 'yan goyon da ke jawo fina-finai ba da izinin masu su ba. Waɗannan sun fi saurin mutuwa saboda ana rufe majiyoyinsu, kuma suna iya shigo da manhaja mai cutarwa. A Afrilun 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa sayar da akwati ɗauke da irinsu keta haƙƙin mallaka ne, sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi hanyar sauke abin da aka ɗora a intanet ba bisa ƙa'ida ba. Ga masana'antar Kannywood, wadda satar fasaha ta daɗe tana durƙusarwa, batun ya wuce na gyaran na'ura.

6.0 Rubutun Fassara da Haruffa Masu Ƙugiya

Wannan matsala ta shafi Hausa kai tsaye. Idan rubutun fassara ya nuna alamar tambaya ko gurɓatattun haruffa a gurbin ɓ da ɗ da ƙ, to ko dai ba a adana fayil ɗin SRT da tsarin UTF-8 ba, ko kuma manhajar ba ta karanta shi da wannan tsari ba. Idan kuwa ƙananan akwatuna suka bayyana, salon haruffan da manhajar ke amfani da shi ne ba shi da su, sai a sauya shi da wani irin Noto Sans. Masu shirya fassara da dama kan guje wa wahalar ta hanyar zubar da ƙugiyar, alhali hakan yana mayar da ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata.

7.0 Matakan Gano Matsala

Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda. A fara gwada wani fim a na'urar. Idan ya yi, laifin na fayil ne. A gwada fim ɗin da ya ƙi a wata na'ura. Idan ya yi, laifin na matsi ne ko na saiti. A kwafo shi daga memori zuwa cikin na'urar, domin wanke ma'aji daga zargi. Ga ɗan goyo kuwa, a duba kwanan wata da sabis da lambar fitowar Kodi, sannan a karanta kundin da manhajar ke rubuta kurakuranta, wato kodi.log. Goge na'ura baki ɗaya shi ne matakin ƙarshe.

8.0 Kammalawa

An ga cewa "ya ƙi" suna ne guda da aka laƙaba wa cututtuka mabambanta, kuma rarrabe su da kalmomi irin su mazubi da matsi da ma'aji da ɗan goyo shi ne rabin magani. Batun yana da muhimmanci ga manazarta Hausa ta fuska biyu. Ta farko, akwai buƙatar daidaita waɗannan keɓaɓɓun kalmomi tare da masu tura fina-finai, waɗanda su ne ke amfani da su yau da gobe. Ta biyu, tsofaffin fina-finai da waƙoƙin makaɗan Zamfara da aka juyo daga kaset, wasunsu suna zaune ne a kwamfutocin shaguna cikin matsattsen 3GP. Ya kamata sassan nazarin Hausa, ciki har da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, su tattara mafi kyawun kwafin da ya rage, su adana shi a wuri fiye da ɗaya, tare da rubuta mazubi da matsin kowane fayil.