Ɗan Kwangila Ya Sauka A Garinku: Wa Ke Duba Waɗanda Ya Ɗauka?

Da zarar an ga tifa da gireda sun yi sansani a bakin hanyar Kagoro zuwa Manchok, washegari da sassafe matasa za su yi cincirindo a ƙofar yadin. Abin da aka saba gani shi ne kamfani ya taho da birkilolinsa da direbobinsa daga wani gari, ya bar wa 'yan gida kwaɓa siminti da gadin dare. Daga nan sai gunaguni ya tashi, wai doka ta ce dole a ɗauki 'yan ƙasa. Ya kamata mu san wace doka ce, kuma wa ta hau kansa.

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kada wani yanki ko wata ƙabila su mamaye muƙaman gwamnati, kuma ƙa'idar ta sauko har matakin jiha da ƙaramar hukuma. Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1996, ita ke sa ido. A tsarinta, kowace jiha na da kaso 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na manyan guraben tarayya, amma a ƙananan ma'aikata, mataki na 1 zuwa na 6, aƙalla kaso 75 na mutanen yankin da ma'aikatar take ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye yanzu da aka amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da jami'ar tarayya a Kachia a 2025. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ita ma ta ware musu kaso 5 na guraben hukumomin gwamnati.

To amma a aikace, hukumomin gwamnati ake bincika da wannan ma'auni. Kamfani mai zaman kansa da ya ci kwangilar titi ko kwalbati ba ya kai wa kowa lissafin garuruwan leburorinsa. A Amurka, a ƙarƙashin umarnin Shugaba Lyndon Johnson na 1965, a da kamfanin da ke da ma'aikata 50 da kwangilar gwamnati ta dala 50,000 sai ya rubuta tsarin ɗaukar aiki na kowane reshensa, jami'ai kuma su zo su duba. Trump ya soke umarnin a Janairun 2025. Mu ba mu da makamancinsa.

Abin da muke da shi takardu ne. Mai neman kwangilar tarayya a ƙarƙashin dokar bayar da kwangila ta 2007 sai ya nuna shaidar biyan haraji, da ta hukumar fansho PenCom, da ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, da ta asusun horar da ma'aikata ITF. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani kaso 10 na albashi, ma'aikaci kaso 8. NSITF kuwa kaso 1 na jimlar albashi take karɓa domin biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da masu aikin wucin gadi. Matsalar ita ce ana yanko takardun nan ne da sunayen ma'aikatan babban ofis a Abuja ko Kaduna. Kamfani na iya zama da sansani biyar a jihohi uku, leburan Manchok da ake ƙirga wa kuɗi a hannu ranar Asabar ba ya cikin kowane littafi. Ranar da injin kwaɓa ya datse masa yatsa, sai a ba shi kuɗin allura, a ce Allah ya sawwaƙe.

Saboda haka kafin ka ɗauki shebur, nemi a rubuta sunanka a rajistar sansani, a ba ka katin shaida, ka ɗauki hoton allon kwangilar da ke nuna ma'aikatar da ta bayar da aikin. Shugabannin matasa da fadar masarautar Moro'a su zauna da kamfani tun bai sauke kaya ba, a rubuta adadin guraben da za a bar wa gari, har da na masu sana'a da mata, kowa ya sa hannu. Alkawarin baki na bin manajan da ya yi shi ne idan aka canja masa wuri. Dokar samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardun kwangila a rubuce, a amsa maka cikin kwana 7. Idan aikin jiha ne, akwai hukumar sa ido kan kwangila, KADPPA, a Kaduna.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda ke yawo da cewa suna da "silot", wato gurbin aiki, na ƙaramar hukumar Kaura. Kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta a 2023 ya saurari mutanen da suka biya maƙudan kuɗi domin guraben tarayya. Ƙa'ida ita ce a tallata gurbi a jaridun ƙasa biyu har tsawon mako shida. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa kafin takardar kama aiki ta fito, ajiye saƙonninsa da shaidar asusun, ka kai wa ICPC ko EFCC.