Ruwan Sha Da Ba Ya Yankewa: Dabarar Da Ke Kare Jarin Mai Kiwon Kaji A Gida

Da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwar ƙasar nan sun rungumi kiwon kaji a bayan gida domin samun ƙarin kuɗin shiga. Sai dai akasarinsu kan ƙarar da hankalinsu wajen tsadar abinci da magani, su manta da ruwan sha, alhali kuwa yankewarsa na yini guda na iya jawo asarar da ta fi ta ƙarancin abinci.

Dalili kuwa a fili yake. Kimanin kashi 75 cikin 100 na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaza mai yin ƙwai kan sha wajen rubu'in lita a rana, a lokacin bazara kuwa buƙatarta na iya ninkawa. Ke nan mai kaji 50 na buƙatar lita 12 da rabi kullum, ko kuma lita 25 idan zafi ya tsananta. Kazar da ta wuni da ƙishirwa kan rage cin abinci, daga nan ƙwai ya ragu, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ta dawo yadda take. Ga mai kiwon da ke fita kasuwa tun safe, kaskon da ake cikawa sau ɗaya ba abin dogaro ba ne, domin kaji na kifar da shi ko su cika shi da kashi.

Maganin wannan matsala ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da ake nema shi ne jarka mai cin lita 20 wadda murfinta ke rufewa gam, da faffaɗan faranti mai zurfin kimanin santimita 6, da kuma ƙusa. Za a ɗumama ƙusar a wuta, a huda jarkar a gefe, kimanin santimita 3 daga gindinta. Sai a toshe hujin da yatsa, a cika jarkar, a ɗaure murfin sosai, a girka ta a tsakiyar farantin, sannan a saki hujin.

Ruwa zai zubo har ya rufe hujin, daga nan ya tsaya da kansa, saboda iska ba ta da hanyar shiga jarkar. Da zarar kaji sun sha, hujin ya bayyana, iska za ta shiga, wani ruwan ya sauko. Abubuwa biyu ne kan ɓata aikin: murfi mai shigar da iska, da hujin da ya fi bakin faranti tsawo. Kowannensu zai sa ruwan ya malale ƙasa. Ga 'yan tsaki, gwangwanin madara da ƙaramin faranti sun isa, amma a zuba tsakuwa a farantin don kada su nutse.

Wanda kajinsa suka haura 100 zai fi cin riba da duro mai lita 200 da aka ɗora bisa bulo, a jawo tiyo daga gare shi zuwa kwami, a sanya bawul mai balbalo irin na tankin bayi. Balbalon ne zai riƙa buɗe ruwa da rufe shi gwargwadon yadda kwamin ke raguwa.

Ko wace hanya aka bi, wajibi ne a ɗaga mashayar daidai tsayin bayan kaza, a ajiye ta a inuwa, domin kaji ba sa son ruwan da ya yi zafi. A wanke farantin kullum, jarkar kuwa aƙalla sau ɗaya a mako, saboda jiƙaƙƙen ƙasa da ruwa mai kashi su ne ke yaɗa zawon jini. Rufaffen ruwa yana kuma rage cuɗanya da tsuntsayen daji, darasin da masu kiwo suka koya da tsada tun ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006.

Akwai kuma gargaɗi game da rigakafin cutar Niyukasul, irin wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ke sarrafawa. Wanda ake bayarwa ta ruwa dole ne kaji su shanye shi cikin sa'o'i biyu, kuma sinadarin kulorin na ruwan famfo yana kashe ƙarfinsa. Saboda haka kada a zuba shi cikin jarka, a ba da shi a mazubi na daban.

Mai kiwon da ya duba jarkarsa da safe kafin ya fita, zai dawo da yamma ya tarar da kajinsa a ƙoshe da ruwa, kiret ɗin ƙwansa kuma bai ragu ba.